Mutuwa Mai Raɗa: Fim ɗin da Ya Ga Fushin Holding Bai Ga Saitinsa Ba

A hutun babbar sallar da ta wuce, da muka je gida Rurum Tsohon Gari, mun tarar an tafi hutun ƙwallon Turai. Mai gidan kallon unguwarmu ya riga ya sayi man janareto, samari kuma sun saba fitowa bayan isha'i, sai muka roƙe shi ya bari mu jona kwamfutarmu da talabijin ɗinsa. Abin da muka saka shi ne Fire in Babylon, fim ɗin tarihi na 2010 wanda wani Baturen Ingila, Stevan Riley, ya shirya a kan ƙungiyar wasan kurket ta West Indies. Muka tsaya a gefe muna fassarawa kamar masu fassarar fim ɗin Indiya, illa dai ba mu da zaƙin bakinsu.

Yawancin waɗanda ke kan benci a daren nan, saninsu da kurket bai wuce Lagaan ba, fim ɗin Aamir Khan na 2001 inda ƙauyawa suka kara da Turawan mulki a kan haraji. Hakan ma ya wadatar. Turaku uku ne a kafe, mutum ɗaya riƙe da faffaɗan katako yana tsaronsu, wani kuma ya taho a guje ya jefo ƙwallo daga nisan yadi 22. In ƙwallon ta ture turke, ko mai katako ya tare ta da ƙafa alhali turke ta nufa, ko ya doke ta aka cafe kafin ta taɓa ƙasa, to ya fita, sai na gaba. Jifa shida ke yin zagaye ɗaya, mu muka ce masa turmi don 'yan kallonmu sun fi sanin yaren dambe. Ƙwallon kuwa ba ta roba ba ce. Dunƙulen ɓawon itace ne aka naɗe da zare aka ɗinke da fata, nauyinta kusan giram 160, kuma majefi mai zafin hannu yana sako ta da gudun da ya kai kilomita 145 a awa. Mai katako ba ya samun fiye da rabin daƙiƙa ya yanke shawara.

Mutum ɗaya ne a ɗakin bai bukaci wannan bayani ba, wani tsohon malamin makaranta da muke kira Baba Malam, wanda ya yi wasan a wata kwalejin gwamnati tun shekarun 1960. Ba abin mamaki ba ne. Tun zamanin Kwalejin Katsina, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kurket da fayif suna cikin wasannin da Turawa suka ɗora wa 'yan boko a Arewa. Fayif ya samu gindin zama a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi, kurket kuwa ya ja baya ya maƙale a 'yan makarantu da filaye ƙalilan.

Mu fara da abin da fim ɗin ya yi daidai, don ya yi da yawa. West Indies ba ƙasa ba ce. Tsibirai ne na yankin Karebiya irin su Jamaika da Barbados da Tirinidad da Antiguwa, haɗe da Guyana, kowacce da tutarta da gwamnatinta, ba abin da ya haɗa su a ƙarƙashin inuwa ɗaya kamar wannan wasa da suka gada daga wanda ya bautar da kakanninsu. Riley ya bar 'yan wasan su yi magana da bakinsu: Clive Lloyd, Viv Richards, Gordon Greenidge, Andy Roberts, Joel Garner, Colin Croft, Michael Holding. Ya sa mawaƙin rege Bunny Wailer a tsakaninsu. Labarin da suka bayar mai saurin shiga rai ne. A ƙarshen 1975 sun je Ostareliya, majefa biyu, Dennis Lillee da Jeff Thomson, suka yi musu jina-jina, aka ci su wasa biyar cikin shida, 'yan kallo na yi musu zagin launin fata. Lloyd ya dawo gida ya tara nasa majefan. Da suka isa Ingila a 1976, kyaftin ɗin Ingila Tony Greig, farar fata haifaffen Afirka ta Kudu, ya faɗa a talabijin cewa zai sa su rarrafe. A watan Yunin nan ne aka harbe yaran makaranta a Soweto, wata huɗu bayan kisan Janar Murtala, kuma a watan Yuli Nijeriya da ƙasashen Afirka da dama suka ƙaurace wa gasar Olamfik ta Montreal a kan batun wariyar launin fata. Ba sai an yi wa ɗan Arewa dogon sharhi a kan nauyin kalmar rarrafe a irin wannan shekara ba. West Indies ta ci uku da nema. Daga 1980 zuwa 1995 kuwa ba wanda ya doke ta a jerin wasannin kwana biyar-biyar, waɗanda su ne zakaran gwajin dafi a kurket.

Wurin da ya fi kowane ƙarfi shi ne inda aka zaunar da Colin Croft yana kare tafiyarsa Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1980, lokacin da duniya ta mayar da ƙasar saniyar ware, aka kuma nuna Richards da ya ƙi karɓar kuɗin. A nan kaɗai fim ɗin ya yarda mutanensa biyu su saɓa wa juna, a nan kaɗai kuma ɗakin kallon ya yi tsit.

To, ina matsalar? Mu ɗauki mutum ɗaya mu bi shi, Michael Holding, haifaffen Kingston ta Jamaika a 1954. A wancan balaguron na Ostareliya ya fara buga wa West Indies wasa, yana ɗan shekara 21. Ya yi wasan kwana biyar sau 60, ya fitar da masu katako 249, ya ajiye a 1987. Alƙalan wasa ne suka yi masa laƙabi da Whispering Death, wato mutuwa mai raɗa, domin yana tahowa daga nesa a guje amma alƙalin da ya ba shi baya ba ya jin takun ƙafarsa. Duk wanda ya taɓa ganin damisa a fim ɗin namun daji ya san irin tafiyar.

Holding ɗin da fim ɗin ya fi so mu riƙe shi ne na filin Old Trafford a Manchester, a Yulin 1976. Ingila ta dawo da Brian Close, dattijo mai shekara 45, ya tsaya ba hular kwano, Holding yana buga ƙwallo a ƙasa tana tasowa saitin haƙarƙari da kai. Close yana kaucewa da ƙyar, wani lokacin ya bari ta same shi a ƙirji ya ƙi sosawa. An nuna wannan, an maimaita shi a hankali, an ɗora masa kiɗa. Samarin Rurum suka miƙe tsaye suna ihu kamar an yi kisa a turmin farko. Mu ma, mu faɗi gaskiya, mun ji daɗin. Baba Malam ne kawai ya gyara zama ya ce, "Wannan ai ba jifa ba ce, ɗana, gargaɗi ne. Ina jifar?"

Jifar tana filin Oval na Landan, wata guda bayan nan. Shekarar 1976 fari aka yi a Ingila, ciyawa ta ƙone, filin ya mutu murus, ƙwallo ba ta tashi ballantana ta tsorata wani. Richards ya tara maki 291 a kansa, Dennis Amiss na Ingila ya tara 203. Sauran majefa na ɓangarorin biyu sun yi ta wahalar banza kwana biyar. A wannan mataccen fili Holding ya fitar da mutum 14 a kan maki 149, takwas a zagayen farko, shida a na biyu, kuma har yau ba wani ɗan West Indies da ya yi kamar haka a wasa guda. Ga inda maganar take: cikin goma sha huɗun nan, tara turakunsu ya tumɓuke, uku kuma ƙafarsu ƙwallon ta samu a gaban turke. Wato sau goma sha biyu bai bukaci taimakon kowa ba, bai kuma nufi kan kowa ba. Ya gane cewa tunda ƙasa ta ƙi ba shi haɗin kai, sai ya daina dogara da ita, ya riƙa sako ƙwallon a iska har dab da yatsun ƙafar mai katako, a miƙe, da gudun da hannu ba zai riga ta sauka ba. Wannan lissafi ne, da juriya, da sanin abin da fili zai iya ba ka da abin da ba zai ba ka ba. Yaro ne ɗan shekara 22.

Fim ɗin ya biya ta Oval, amma abin da ya je nema can shi ne hoton Greig yana rarrafe a gaban 'yan kallo. Hoto ne mai daɗi, ba musu. Sai dai mai kallo zai fita yana zaton tsoro ne ya ci Ingila, alhali a ranar da Holding ya fi kowace rana gwaninta, saiti ne ya ci ta. Haka ma turmin nan da ya yi wa Geoffrey Boycott a Bridgetown a Maris na 1981, wanda masana da yawa ke cewa ba a taɓa yin kamarsa ba. Abin da ya ɗaukaka shi tsari ne: jifa biyar kowacce ta fi ta baya zafi, kowacce tana matsar da Boycott daga inda ya saba tsayawa, sannan ta shida ta ɗauke turke ta yi wurgi da shi. Ɗan dambe zai gane wannan nan take. Ba naushin ƙarshe ne ke kisa shi kaɗai ba, shigar da aka yi ta yi kafin a sake shi ce.

Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, saboda a shekarun nan jaridun Ingila abin da suka yi ta faɗa ke nan, cewa waɗannan baƙaƙen ƙarfi ne kawai da mugunta, ba basira. Riley ya zo ya kare su, amma da ya tashi sai ya karɓi hoton abokan gaba ya sauya masa kiɗa kawai. Abin da suka kira dabbanci shi ya kira fansa. Ƙwaƙwalwar majefin ba ta samu wuri a wajen kowannensu ba. Andy Roberts, wanda aka sani da jifa iri biyu masu kama ɗaya, ya yaudare ka da mai sanyi sannan ya biyo da mai zafi, shi ne ya ɗan buɗe wannan ƙofa a hirarsa, aka yi sauri aka wuce.

Akwai kuma gyaran fuska da aka yi wa tarihi don labarin ya miƙe. Fim ɗin ya nuna kamar kafin 1975 'yan West Indies 'yan nishaɗi ne kawai, a tafa musu a cinye su. Ina aka kai Frank Worrell, baƙar fata na farko da aka damƙa wa kyaftin na dindindin a 1960, wanda ya je Ingila a 1963 ya ci uku da ɗaya? Ina Garfield Sobers da ya doke Ostareliya a 1965? Ina Wes Hall da Charlie Griffith, majefan da suka riga Holding firgita duniya, har Griffith ya fasa wa kyaftin ɗin Indiya Nari Contractor ƙoƙon kai a 1962, Worrell na cikin waɗanda suka ba shi jini? Shi kansa Lloyd ai da kofin duniya na 1975 a hannunsa ya tafi Ostareliya. Kuma a labarin da aka gina shi kacokan a kan komawa ga tushen Afirka, 'yan asalin Indiya na Guyana da Tirinidad irin su Rohan Kanhai da Alvin Kallicharran sun zama baƙi a gidan da suka taya ginawa. C. L. R. James, wanda ya yi yaƙin jarida har aka naɗa Worrell, ya rubuta Beyond a Boundary tun 1963, kuma ya nuna ana iya riƙe siyasar wasa a hannun dama da fasahar wasa a hannun hagu ba tare da ɗaya ta faɗi ba.

Sannan faɗuwa. Holding ɗin tarihi ya taɓa yin ƙwalla a fili a Sydney don alƙali ya hana shi haƙƙinsa. Ya taɓa sa ƙafa ya yi fatali da turaku a Dunedin ta Niw Zilan a 1980 saboda fushi da alƙalanci. A ranar 25 ga Yunin 1983, a wasan ƙarshe na kofin duniya, Indiya ta tara 183 kacal amma West Indies ta tsaya a 140, kuma Holding ne mutum na ƙarshe da aka fitar. Masu kallon Indiya a cikinmu sun ga wannan rana a fim ɗin 83 na 2021, inda su Holding suka koma dodannin da jarumi zai kayar. Ka ga kowa da nasa dodo. Ya bar wasa da 249, saura ɗaya ya cika 250, ya koma Kingston ya buɗe gidan mai kafin ya zama mai sharhi a rediyo da talabijin. A Yulin 2020, ruwan sama ya tsayar da wasa a Southampton, aka miƙa masa makirfo, ya yi maganar wariyar launin fata da ta zagaye duniya, wadda ta haifi littafinsa Why We Kneel, How We Rise a 2021. Ba za mu zargi fim ɗin 2010 da rashin ganin 2020 ba. Amma mutumin da ya yi waccan magana cikin nutsuwa da hujja yana nan a Oval tun 1976, kyamarar ce ta kalli wani wuri.

A bar mu mu yi ɗan ratse ta wajen sana'armu. Aikinmu rubuta manhaja ne, kuma ya ɗan faranta mana rai da muka gano cewa Holding ya fara karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar West Indies kafin kuɗin attajirin Ostareliya Kerry Packer su mayar da kurket sana'ar da za ta riƙe shi a 1977. Mun san jarabar da ke ɗaya gefen, wato a ce tunda fim ya ƙara gishiri, a koma ga alƙaluma. Kurket wasa ne da ya dace da rumbun bayanai kamar don shi aka ƙirƙire shi, kowace jifa layi guda ce a jadawali. Amma ga misali na gida. Daga farkon 2019 hukumar kurket ta duniya ta yanke cewa duk gajeren wasa na turmi ashirin tsakanin ƙasashe mambobinta za a lissafa shi a matsayin na ƙasa da ƙasa. Sharaɗi ɗaya aka sauya, sai Nijeriya ta faɗo jadawali ɗaya da Indiya. A Oktoban 2021, a filin Jami'ar Legas, wani matashin majefi ɗan Nijeriya, Peter Aho, ya fitar da 'yan Saliyo shida a kan maki biyar, uku daga ciki a jere. Ya goge tarihin da Deepak Chahar na Indiya ya kafa a 2019, ya riƙe kambun duniya har zuwa Yulin 2023 da wani ɗan Maleshiya, Syazrul Idrus, ya fitar da 'yan ƙasar Sin bakwai a kan takwas. Kusan shekara biyu ɗan Nijeriya yana saman jadawalin duniya. Mun tambayi ɗakin kallon, ba wanda ya taɓa jin sunansa. Jadawalin ya adana 6 da 5, bai adana yadda yake riƙe ƙwallo ba, bai kuma san bambancin Saliyo da Ingilar 1976 ba. Holding ya samu mai ba da labari da ya zaɓi rabin labarin, Aho bai samu ko mai zaɓen ba.

Abin da ya sa muka kawo wannan sharhi mujallar adabi, ba shafin wasanni ba, shi ne muna da gadon da ya san wannan aiki. Wanda ya saurari Ɗan Anace yana waƙar Shago ya san makaɗin dambe maroƙi ne, ba ɗan jarida ba, zuga ita ce sana'arsa. Duk da haka sai ya ba Ɗandunawa girmansa, domin kashe rago ba abin waƙa ba ne, kuma sai ka ji cewa mai waƙar ya tsaya a bakin fage ya san dambe. Riley bai zaunar da Boycott ko Lillee su faɗi yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren ba, kusan duk muryoyin na gida ne. An ce da gangan ya yi, kuma muna ganin dalilinsa, tunda an daɗe ana jin bakin Turawa. Amma kirarin da ba abokin karo a cikinsa, nauyinsa raguwa yake yi. Marubutanmu na ƙagaggun labarai kuwa, in sun kawo ɗan ƙwallo ko ɗan kokawa ko ɗan dambe, yawanci a layi biyu ake gamawa: ya yi suna, ya yi kuɗi, ya sayi mota, sai a koma falo. Ba mu cika ganin shafi guda da aka ɓata a kan yadda gwani ke tunani da jikinsa ba, ko maƙeri ne, ko marini a bakin karofi, ko masunci a dam ɗin Tiga da ke nan kusa da mu.

Washegari da hantsi muka ji hayaniya a bayan gida. Yaran unguwa ne sun samo goruba da guntun katakon benci. Ba wanda ya kafa turke. Mai jifa yana auna kan mai katako, sauran suna ihun sunan Holding yadda bakinsu ya iya, kuma kafin mu ƙarasa wani ya riga ya samu ƙulu a goshi, uwarsa ta leƙo tana tambayar wane ne ya kawo wannan fitina garin. Muka yi shiru, don mun san amsar.

Baba Malam ya taho da sandarsa, ya sa aka karyo karan dawa uku daga dangar maƙwabci, ya kafa su, ya auna taku ashirin da biyu ya ja layi da ƙafa. Ya ce duk wanda ya ture kara yana da naira hamsin, wanda ya samu mutum kuma ya fita daga wasa. Ya nuna musu yadda ake ɗora yatsa biyu a saman gorubar, babban yatsa a ƙasa, da yadda hannu ke zagayowa ta saman kai ba tare da an lanƙwasa gwiwar hannu ba. Yara goma sha ɗaya, kowa jifa shida. Har aka kira azahar, mutum biyu ne suka karɓi hamsin ɗin, ɗaya daga cikinsu wata yarinya ce mai tallan gyaɗa da ta ajiye farantinta a gindin bango ta ce ita ma a ba ta turmi ɗaya.